An ɗage mata horo, amma ba mai zama kusa da ita

'YarMawaƙa:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Akwai abin da ya tsaya mini a rai yau mako uku, na ce bari in kawo shi zauren nan. Ba zan faɗi sunan majami'armu ba, kuma don Allah kada wani ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya.

Wata yarinya a ƙungiyarmu ta mawaƙa, shekarunta 19, ta yi ciki bara. Dattawa suka zauna aka sa ta a horo. Aka cire ta daga mawaƙa, aka hana ta cin jibin Ubangiji, aka ce ta riƙa zama a kujerar baya. Ta yi biyayya, ba ta fasa sujada ba sai lokacin da take jego. A watan jiya magatakarda ya karanta sanarwa cewa an ɗage horon, Baba Fasto ya yi mata addu'a, kowa ya ce amin. Lahadin da ta biyo baya ta zo da goyonta ta zauna a layinmu na 'yan mata. Mutum biyu suka ɗauki jakunkunansu suka koma gaba. Ni ban tashi ba, amma ko sannu ban ce mata ba, kunya nake ji in faɗa. Tun ranar ba ta sake zuwa ba.

In an karanta sanarwa, an maido da mutum ke nan? In da saura, sauran aikin na waye?

BabaDattijo:
Amin, salama gare ki 'yata. Kafin a fara jifan dattawa kamar yadda aka saba a zauren nan, bari in riga ku. Shekara 14 na yi a majalisar dattawa, ban taɓa ganin wanda ya fito daga irin wannan zaman yana dariya ba. Horo ba mu muka ƙago shi ba. Ku buɗe 1 Korantiyawa 5, Bulus ya yi wa ikilisiya faɗa ne don sun ga zunubi a fili sun kama bakinsu. In aka bar mai ciki ba aure tana jan waƙa a gaban jama'a, me za a ce wa 'yan shekara 13 da suke kallonta? Amma 'yan matan da suka tashi ɗin nan ba su kyauta ba, su ma sai an kira su.

Ladi_Kagoro:
Baba, a gafarce ni, tambaya ɗaya ce. Ita kaɗai ta yi wa kanta cikin?

'YarMawaƙa:
@Ladi_Kagoro an kira shi sau biyu. Na farko ya musa, na biyu bai zo ba. Iyayensa suka tura shi wurin kawunsa a Abuja. Na ji an ce jita yake kaɗawa a wata majami'a a can.

Ladi_Kagoro:
To kun ji. Ciki ne yake tona asiri, namiji kuwa ba ya ɗaukar ciki. A Yahaya 8 da suka jawo matar nan gaban Yesu, cewa suka yi an kama ta tana cikin yi. Da wa? Dokar da suke tinƙaho da ita, Firistoci 20:10, ta ambaci namijin da macen duka. Shekara dubu biyu ke nan, har yau namijin bai iso wurin shari'ar ba.

BabaDattijo:
Ladi, nan kam kin kama mu. Kamata ya yi a rubuta wa majami'ar da ya koma. A zamaninmu ba a ba baƙo wani aiki a ikilisiya sai ya kawo wasiƙa daga inda ya fito. Yanzu duk wanda ya iya kiɗa, ranar da ya zo ranar za a miƙa masa jita.

ƊanSeminari:
Baba ya kawo 1 Korantiyawa 5, ni kuma in ƙara da 2 Korantiyawa 2:5-8, wanda ba a cika wa'azi a kansa ba. Can Bulus ya ce hukuncin da aka yi wa mutumin ya isa. Sai ya sa su abu uku: su gafarta masa, su ta'azantar da shi, su tabbatar masa da ƙaunarsu, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Mu sanarwarmu ta tsaya a na farko. Ta'aziyya ba magatakarda ne yake karanta ta ba.

Kuma gardamar nan ta girme mu duka. A shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya ba da doka kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Kiristoci da yawa suka yi don tsoro. Da abin ya lafa suka dawo suna kuka. Wani dattijo a Roma, Nobashiyan, ya ce ƙofa ta rufe musu har abada. Bishop Sifriyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, da majalisar da ta zauna a 251 suka ce a karɓe su bayan tuba. Rikicin ya kai Nobashiyan ya ɓalle da jama'arsa.

Malama_Wusasa:
Ɗan gyara kaɗan, ɗana. Ba dukan masana ne suka yarda mutumin 2 Korantiyawa 2 shi ne na wasiƙar farko ba. Da yawa suna ganin wani ne da ya ci mutuncin Bulus a gaban jama'a. Na san ba ka ce shi ne ba, amma yadda ka jera su mai karatu zai ɗauka haka. Maganarka dai tana nan daram.

ƊanSeminari:
Na gode Mama, gaskiya ne.

KujerarBaya2004:
Na daɗe a zauren nan ban taɓa rubuta komai ba. Na canja suna ne don in yi wannan maganar.

Ni na zauna a kujerar. Wata goma sha ɗaya. Bari in gaya muku yadda take, don masu yanke hukunci ba su taɓa zama a kanta ba. Tana bakin ƙofa, don haka duk mai shiga sai ya gan ka, duk mai fita ma haka. Ranar jibi, mai rabawa yakan zo har layin da ke gabanka ya juya. Ƙarar ƙananan kofunan nan a kan tire, har yau in na ji ta sai cikina ya ɗuri ruwa. Babana mai bishara ne, ya yi wata huɗu bai amsa gaisuwata ba.

Akwai wata tsohuwa a Zumuntar Mata, ta rasu yanzu, ba danginmu ba ce, ko yarenmu ba ɗaya ba. Lahadi ta uku sai ga ta da sandarta ta zo ta zauna kusa da ni. Wani mai tsaron ƙofa ya raɗa mata cewa Kaka, nan wurin masu horo ne. Ta ce masa gwiwarta ke ciwo, ba ta iya ƙarasawa gaba. Wannan gwiwar da take zuwa gona da ita kullum! Haka ta yi ta zama har aka ɗage horon. Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba. Littafin waƙarta take buɗewa ta turo shi tsakaninmu, alhali ba ta iya karatu ba. Da na haihu ita ta kawo itacen wankan jego a ka, ta dama mini kunun kanwa, ta zauna ta yi wa babana faɗa kamar ƙaninta. Abu ɗaya ta taɓa ce mini a kan laifina: kin yi wauta, kada ki ƙara da ta biyu, ta gudu daga gidan Ubanki.

Ban ce horon bai yi mini amfani ba, Baba Dattijo. Na yi zunubi, na san na yi. Amma da ba don tsohuwar nan ba, da wata uku ban kai ba. Yaron yana jami'a yanzu.

Ladi_Kagoro:
Kai! Yaya, kin sa ni hawaye a cikin Keke. Allah ya ba mu irin gwiwar Kaka.

TsohonSoja:
Labari mai daɗi, amma ku yi hankali. Wannan zamanin kowa "ƙauna, ƙauna", ba mai son jin kalmar zunubi. Yaran yanzu in suka ga an rungumi mai laifi sai su ce ashe ba komai. Wake ɗaya ke ɓata gari.

KujerarBaya2004:
Baba Soja, a shekarar da aka sa ni a horo na san 'yan mata biyu a layin gaba da suka zubar da nasu a ɓoye. Sun ci jibi, ni ina kallo daga baya. Abin da yaran suka koya daga kujerata ba "kada ki yi" ba ne. "Kada a gani" suka koya.

TsohonSoja:
Hmm. Wannan kuma wata magana ce.

OganGareji:
Ba mata kaɗai ba ne. Ni bakanike ne. Akwai yaron majami'armu da ya faɗa shan kodin da tiramol, a lokacin da kwalba ta zama ruwan dare, kafin gwamnati ta hana shigo da maganin tarin da haɗa shi a 2018. Ya sace amfilifayar majami'a ya sayar. Aka sa shi a horo, ya ɓace. Na tsince shi a tasha yana kwana a ƙarƙashin tirela. Na ce ya zo gareji. Matata ta ce na jawo wa kaina. Gaskiyarta, a wata na uku ya ɗauke batirin motar kwastoma, ni na biya. Na kore shi, bayan kwana biyar na je na dawo da shi, don na kasa barci. Sau biyu yana komawa shan abin. Na biyun sai da muka kai shi asibiti, don addu'a muna yi, amma jikin da ya saba da ƙwaya yana bukatar likita. Na yaye shi bara, yana da rumfar faci a bakin titi. Ba zan ce muku ya zama mala'ika ba. Yana zuwa sujada, wani lokaci a makare.

Ma'ajinCoci:
Oga, Allah ya saka. Amma ni da nake riƙe da kuɗin baiko zan faɗi tawa: gafara daban, amana daban. Na gafarta wa yaron da zuciya ɗaya, makullin sito kuwa ba zan ba shi ba. Bulus kansa ya ƙi tafiya da Yahaya Markus a tafiya ta biyu don ya gudu ya bar su a ta farko. Ayyukan Manzanni 15.

OganGareji:
Ni ma ban ba shi makullin gareji ba sai a shekara ta uku. Amma sifana na ba shi tun ranar farko. In ba ka ba mutum komai ya riƙe ba, da me zai nuna maka ya canja?

ƊanSeminari:
@Ma'ajinCoci ka ƙarasa labarin mana. Barnaba ya ɗauki Markus suka tafi Kubrus. A 2 Timoti 4:11 Bulus ɗin nan da kansa yake cewa a zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi. Wa ya gyara masa shi?

'YarMichika:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce, maganar ƊanSeminari a kan waɗanda suka yi hadaya don tsoro ce ta taɓa ni. Mu ba tarihi ba ne a wurinmu. 'Yan Boko Haram sun ci Michika a Satumban 2014, muka gudu Mubi, ƙarshen Oktoba Mubi ma ta faɗi, har hedkwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, a Kwarhi. 'Yar yayata ba ta tsira ba, aka tafi da ita. Bayan shekara uku ta dawo da yaro a baya. An tilasta mata ta bar bangaskiya, an aurar da ita. Mun yi ta azumi a kan ta dawo, da ta dawo kuma sai mutane suka riƙa janye yaransu daga nata. Wasu suna ce wa irinsu annoba. Wata ta faɗa a kunnena cewa ɗan maciji maciji ne. Yaron da ko yaye shi ba a yi ba. Har aka yi ta muhawara ko sai an sake yi mata baftisma. Limaminmu ya ce babu wani sakewa, ba ita ta tafi ba, ɗauke ta aka yi. Ranar da aka miƙa yaron a majami'a shi ya karɓe shi ya zaga da shi layi layi. Wannan ma ba ta yi laifin komai ba, amma zaman kujerar baya ta yi, ba tare da an karanta mata sanarwa ba.

ƊanGwoza:
Yarinyar da aka sace daban. Amma tunda an zo nan, ni ina da tambaya ga masu wa'azin maidowa. Tun 2016 gwamnati take kai tubabbun 'yan Boko Haram sansanin Malam Sidi a Gombe, a koya musu sana'a, a sallame su. Ni a gabana aka kashe babana da wana. Har yau uwata ba ta koma gidanta ba. In ɗaya daga cikinsu ya shigo majami'armu ya ce ya tuba, in matsa masa a benci? Wanda bai binne nasa ba kada ya kawo mini aya.

BabaDattijo:
Ɗana, ba ni da bakin magana. Allah ya ta'azantar da kai da mahaifiyarka.

Malama_Wusasa:
Ba aya zan kawo maka ba. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Sun kafa cibiyar sulhu tare a 1995. Amma shi Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru yana yawo da Imam ana tafa musu, alhali zuciyarsa ba ta sauka ba, har tunanin hallaka shi yana zo masa. Na kawo shi ne don kada wani ya sa maka agogo. Kuma gafara ba ta hana shari'a aikinta.

ƊanGwoza:
Na ji, Mama. Ban kai can ba tukuna.

BaƙonDamagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Ɗan'uwa na Gwoza, muna tuna ka a addu'a. Mu ma a Janairun 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Maƙwabcinmu Musulmi ne ya ɓoye mu a ɗakinsa. Wani yaro da na gani da idona cikin masu jifa, ɗan lakkol ne a lokacin, yanzu shi ke kawo mana ruwa a kura. Ban taɓa tada maganar ba, shi ma haka, ban sani ba ko wannan gafara ce ko zaman unguwa.

A kan yarinyar kuwa, mu nan ba mu da yawa. In mutum ɗaya bai zo sujada ba, benci ne ke nuna shi, kafin azahar an je gidansa. Ku a Najeriya yawanku ne ya sa mutum yake ɓata mako uku ba a nema ba.

Admin_Zaure:
'Yan'uwa, maganar tubabbun mayaƙa babba ce, a buɗe mata nata zaren. Mu dawo kan tambayar 'YarMawaƙa. Kuma na goge saƙon wanda ya yi ƙoƙarin canka sunan majami'ar. Kada a sake.

Matashi_Tudunwada:
Abin da ba a ambata ba shi ne waya. A 2004 kujera ɗaya ce, sujada ta tashi an tashi. Yanzu kafin magatakarda ya zauna labari ya shiga rukunin WhatsApp na matasa, an sa a status da "a taya mu addu'a". Tsegumi ne aka sa masa rigar addu'a. Horon dattawa yana da ranar ƙarewa, hoton da aka tura ba shi da ita. Ni ina ganin a daina karanta sunan mutum a gaban jama'a. Matiyu 18 ma daga kai da shi kaɗai ya fara.

BabaDattijo:
Ya fara daga nan, amma aya ta 17 ta kai ga ikilisiya. Abin da ya fito fili ba a gyara shi a ɗaki. Kujerar baya dai, na yarda ba ta cikin Littafi, gadonta muka yi. Akwai majami'un da suka bar ta.

UwarZumunta:
Na karanta duka tun daga sama. Maza kuna ta ayoyi. Ni tambayata ga 'yata mai zaren: kin san gidansu? In kin sani, me kike jira? Zumunci a ƙafa yake. Kada ki tafi da tawaga, kada ki tafi da Littafi a hammata kamar mai zuwa bishara. Sabulu da omo da 'yar rigar jariri sun isa. Ki ɗauki yaron, ki yaba ƙibarsa. Ki ba ta haƙuri a kan shirun da kika yi, naki kaɗai, ba na majami'a ba. Mu ma Zumunta da laifinmu, mun iya anko da rawa ranar taro, amma in ji ko an kai mata kayan barka.

'YarMawaƙa:
Mama, ba a kai ba. Na tambaya.

Ladi_Kagoro:
Kuma a tambaye ta karatu. Ta gama sakandare? In ba ta rubuta NECO ba ni zan sa hannu a kuɗin rajista, Admin ya haɗa mu.

'YarMawaƙa:
Na dawo. Na je jiya da yamma bayan na tashi daga shago. Mamarta ce ta karɓe ni, ta yi ta godiya har na ji nauyi. Ita kuwa ta daɗe a ɗaki kafin ta fito. Abin da ta fara ce mini shi ne, wa ya aiko ki? Na ce ba kowa. Ta ce in dattawa ne, ki ce musu ba ta mutu ba. Na ba ta haƙuri kamar yadda Mama ta ce. Ba ta amsa ba, amma ta bar ni na ɗauki yaron, ya yi mini fitsari a zane, sai a nan ta yi dariya. Ta ce wata ƙawarta tana jan ta zuwa wata majami'a inda ba wanda ya san ta. Da zan tafi ta tambaye ni wace waƙa muke koya ta Ista. Ban ce mata ta dawo ba, ban san ko na yi daidai ba.

TsohonSoja:
Da kin ce mata ta dawo. Tunkiya a garkenta ake jiyyarta.

KujerarBaya2004:
A'a Baba, da wuri. Ƙanwata, ki koma ranar Alhamis ki koya mata waƙar a tsakar gida. In kuma ta zaɓi can ɗin, ki raka ta Lahadin farko.

BabaDattijo:
Raka ta wata majami'a kuma? Wannan ban yarda ba. Amma 'yata, ki shaida wa fastonku kin je, ki faɗa masa maganar da ta aiko wa dattawa yadda ta faɗe ta, kada ki rage. Ki kuma tambaye shi ko an rubuta wasiƙar Abuja.

UwarZumunta:
Yaron wata nawa ne? Akwai kayan jikana da ya fi ƙarfinsu.